Juyen baƙin mai duk wata: dole ne, ko kuwa kuɗina nake zubarwa?

Malamin Firamare:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar waɗanda suka san mota. Ina da Corolla ƙirar 2005, 'yar Amurka, shekara uku ke nan tana hannuna. A Rijiyar Zaki nake zaune, makarantar da nake koyarwa kuma tana cikin gari, zuwa da dawowa bai fi kilomita 25 ba. Ban da wannan sai kai yara Islamiyya, sai ziyarar mahaifiyata a Bichi sau ɗaya a wata.

Tun da na saye ta, bakaniken da nake kai wa ya ce min duk ƙarshen wata in kawo a yi juye. Da ban damu ba, don lokacin galan mai lita huɗu da filta da kuɗin aiki duka ba su kai ₦10,000 ba. Amma tun da aka cire tallafin fetur a 2023 naira ta faɗi, komai ya tashi. Makon jiya ₦23,500 na biya: mai 18,000, filta 3,500, kuɗin hannu 2,000. Wallahi da na dawo gida na daɗe zaune a motar ina lissafi, ga kuɗin makarantar yara na jirana.

Tambayata biyu ce. Shin sai lallai duk wata? Na nuna masa ina so in riƙa jinkirtawa, sai ya zaro sandar duba mai ya goga a yatsa ya ce, "Malam ka ga ya yi baƙi." Na biyu, a murfin injin an rubuta 5W-30, shi kuma 20W-50 yake zuba min, wai zafin Kano sai mai kauri. Ba na zarginsa da cuta, mutumin kirki ne, ya sha yi min aiki bashi. So nake dai in fahimta.

Tsohon Bakanike:

Wa alaikumus salam Malam. Na yi shekara sama da talatin a ƙarƙashin mota kafin gwiwa ta zaunar da ni, bari in faɗa maka abin da na sani.

Mai ba ya sanin wata ya ƙare. Tafiyar da injin ya yi ita ke cinye shi, sai kuma daɗewa. A lissafinka da kyar kake yin kilomita 800 a wata. Man da ka zubar makon jiya ko kwatan ƙarfinsa bai ci ba. Mai na gama-gari, idan na gaske ne, yana kai ka kilomita 5,000 lafiya lau. Sai dai tunda tafiyarka gajera ce, ga cunkoson Kabuga, ga ƙura, kada ka tsaya jiran sai ka cika dubu biyar ɗin. Ka riƙa yi duk wata huɗu. Kada dai ya wuce shida ko da motar a ajiye take.

Ka lura da abu ɗaya: motar Amurka mil take ƙirgawa, ba kilomita ba. Mil 3,000 ya kusa kilomita 5,000. Mutane da yawa suna ganin lamba a allo su ɗauka kilomita ce.

Batun baƙi kuwa, aikinsa ke nan. Akwai sinadarin wanki a cikinsa da ke kwaso dattin ƙuna ya riƙe shi don kada ya kwanta a jikin ƙarfe. Man da ya yi sati uku a tsohon inji bai canza launi ba, shi ne abin tsoro. Abin da za ka duba a yatsa shi ne tsakuwa-tsakuwa, ko warin fetur, ko ya koma ruwan madara. Wannan na ƙarshen alama ce ruwa na shiga, ka ajiye motar nan take.

Kauri kuma, nan ne mu mutanen da muke da laifi. A kan Fijo 504 da 505 muka koyi aiki, su kuwa mai kauri suke so, sai muka ɗauka kowane inji haka yake. Injin motarka yana da VVT-i, wato tsarin da ke daidaita lokacin buɗewar bawul, kuma da ƙarfin turin mai yake aiki ta wasu ƙananan hanyoyi. Lambar farko mai W tana nuna yadda man ke gudu lokacin da injin yake da sanyi, ta biyun kuma kaurinsa bayan ya ɗau zafi. Da asuba a watan Janairu, 20W yana jan ƙafa kafin ya hau sama, kuma a 'yan daƙiƙun nan ƙarfe ke cin ƙarfe. Idan injinka ba ya hayaƙi, ba ya shan mai, bi abin da ke rubuce a murfi. In ya fara tsufa yana ragewa, 10W-40 tsaka-tsaki ne.

Direban Sharon:

Baba ya gama magana, Allah ya ƙara lafiya. Ni Kano zuwa Kaduna nake yi kullum, zuwa da dawowa kusan kilomita 460, don haka duk kwana goma sha biyu nake juye. Ka ga ni da kai ba ɗaya ba ne Malam, duk da wata ɗaya muke gani.

Amma ni abin da ya ƙona ni jabu ne. Bara na ba yaron gareji kuɗi ya sayo galan, ya dawo da canji har dubu huɗu, ni kuma na yi murna. Kwana shida, mun wuce Kwanar Ɗangora da fasinja cike, jar fitilar mai ta kawo. Na ce bari in lallaɓa zuwa Tashar Yari. Ban kai ba injin ya buga. Da aka buɗe, abin da ke ciki kamar kwalta, ya toshe rariyar famfon mai. Tsohon mai ne aka tace aka zuba a galan mai kyau aka liƙe. Na yi sati biyar ba aiki, sai da na sayar da shanu biyu da nake kiwo a ƙauye na sayi wani injin. Araha ba ta ado.

Yanzu da ƙafata nake zuwa gidan mai ko wurin babban dila in saya, in duba hatimin murfin, a buɗe a gabana. Idan an gama in sa wuƙa in huda galan ɗin, don waɗannan fankon su ake bi ana saye. Kuma don Allah duk wanda ya ga jar fitilar nan ya tsaya a inda yake. Ba cewa take lokacin juye ya yi ba, cewa take man ba ya kaiwa inda ya kamata.

Maman Ikram:

Ni ina da ɗan ja a kan maganar Baba. Da na koma 5W-30 a Camry ɗina, cikin wata biyu sai da ta rage kusan lita ɗaya, kuma kuɗinsa ya kusa ninka na mai kaurin. Ba kowa zai iya ba. Abin da ya cece ni shi ne duk Juma'a da safe, kafin a tayar da motar, ina zaro sandar in goge in mayar in sake dubawa. Malam idan za ka canza, ka sa ido sosai a watan farko.

Kuma ka tsaya a wurin ana aikin. Sau ɗaya aka taɓa wanke min tsohuwar filta da fetur aka mayar, alhali na biya kuɗin sabuwa.

Tsohon Bakanike:

Hajiya gaskiyarki, ba mu saɓa ba. Injin da ringinsa ya ci zai sha mai marar kauri, shi ya sa na ce a duba hayaƙi tukuna. Filta kuwa takarda ce a cikinta, ba ta wankuwa. Na manta ban faɗa ba Malam: a riƙa duba sandar mai lokacin da ake zubawa. In an rage a galan, ka karɓi ragowar ka ajiye a but don ciko, kada a juye duka a wuce layin sama. A kuma buɗe filtar iska a gani, lokacin hunturu ta fi saurin toshewa.

Malamin Firamare:

Allah ya saka muku da alheri, Baba Allah ya ba da lafiyar gwiwa. Direba, Allah ya mayar maka da abin da ya fi shanunka.

Da asubar nan na fita da tocila na duba. Tabbas mil take ƙirgawa, shekara uku ban sani ba. Na sa ɗana ya tsaya a baya na taka totur, ya ce bai ga hayaƙi ba. Na rubuta lambar allon da ranar juyen a bangon littafin da nake ajiye takardun motar. Man da ke ciki zan bar shi ya yi wata huɗunsa, sannan in sayo 10W-40 da kaina in gwada, ina dubawa duk Juma'a kamar yadda Hajiya ta ce.

Abin da ya rage min shi ne yadda zan faɗa wa bakaniken ba tare da ya ji na raina saninsa ba, don ba na son rabuwa da shi. Baba, da kai ne a wurinsa, ta yaya za ka so a zo maka da maganar?