Ta ina sabon shiga zai kama idan yana son fahimtar opera?

Ɗalibar Adabi:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina nazarin wasan kwaikwayo, kuma a karatun da nake yi kan tarihin wasannin Turai na yi ta cin karo da opera, wato wasan da ake rera maganganunsa da waƙa, ƙungiyar makaɗa tana raka 'yan wasa tun daga farko har ƙarshe. Na nemo Aida ta Giuseppe Verdi a intanet, domin na ji cewa a Alƙahira aka fara nuna ta, amma ban yi nisa ba labarin ya ɓace mini, ga Italiyanci da ba na ji, ga kuma muryoyin da suka yi wa kunnena nauyi. Me ya sa aka zaɓi a rera komai maimakon a yi magana, kuma da wane wasa ya dace mutum ya fara? Ba na son in yanke wa abin hukunci alhali ban fahimce shi ba.

Malamin Kiɗa:

Wa alaikumus salam, Malama. Amsar tambayarki ta farko tana cikin tarihin abin. A ƙarshen ƙarni na 16, a birnin Fulorans na Italiya, wasu masana da marubuta waƙa da makaɗa sukan taru a gidan wani basarake mai suna Giovanni de' Bardi, suna tattauna yadda Girkawan dā suke gabatar da wasanninsu. Sun yi amanna cewa rera su ake yi, saboda haka suka nemi wani salon rerawa da zai bi hawa da saukar maganar mutum, murya ɗaya tana ɗauke da kalmomi a fili, kiɗa kaɗan yana biye da ita. Da wannan salon Jacopo Peri ya tsara Dafne a wajajen 1598, kodayake yawancin kiɗanta ya salwanta, sannan a 1607 Claudio Monteverdi ya fito da L'Orfeo a fadar Mantua, wadda har yau ake nunawa. Labarinta na wani mawaƙi ne da ya bi matarsa har lahira yana roƙon a dawo masa da ita, kuma zaɓen wannan labari dabara ce, domin babu wanda zai yi mamakin mawaƙi ya yi roƙonsa da waƙa. Da farko abin na fada ne, sai a 1637 aka buɗe gidan opera na San Cassiano a birnin Benis, inda duk mai kuɗin tikiti zai iya shiga.

Abin da zai sauƙaƙa miki kallo shi ne ki rarrabe rerawa iri biyu. Akwai wadda take kusa da magana, da ita ake gardama, ake kawo saƙo, labari yake tafiya. Akwai kuma waƙar mutum ɗaya da ake kira ariya, inda labarin yake tsayawa cak domin ɗan wasa ya buɗe abin da ke cin zuciyarsa. Wanda ya saba da finafinan Indiya da na Kannywood ya san wannan tsayawar, domin a can ma idan so ko baƙin ciki ya fi ƙarfin magana, waƙa ce take karɓa, kuma babu mai kallon da yake tambayar dalili.

Game da nauyin murya, ki tuna cewa a al'adar opera ba a amfani da lasifika. Mai rerawa dole ya kai muryarsa ga wanda ke zaune a kujerar ƙarshe ta zaure mai ɗaukar mutum dubu biyu, ta ratsa makaɗa sittin ko fiye, kuma horon shekaru da ake yi domin hakan shi ne yake ba muryar wannan kauri da kunne yake baƙunta da farko.

Mai Son Tarihi:

Malam ya yi bayani mai gamsarwa. Shawarata, 'yar'uwa, kada ki bar Aida, ki dai karanta labarinta tukuna, domin a opera sanin ƙarshen labari ba ya rage komai, shi ne ma yake ba mutum damar sauraro.

Aida 'yar sarkin Habasha ce da aka kamo a yaƙi, tana bauta a fadar Masar ba tare da an san asalinta ba. Ita da Radames, sojan Masar da aka naɗa ya jagoranci yaƙi da ƙasarta, suna son juna a ɓoye, uwar ɗakinta Amneris 'yar Fir'auna kuma ita ma shi take so. Tun a kashi na farko Aida ta rasa addu'ar da za ta yi, domin nasarar masoyinta faɗuwar mahaifinta ce. Radames ya dawo da nasara, cikin fursunonin da ya kawo har da mahaifin nata Amonasro, wanda ya ɓoye sarautarsa, kuma Fir'auna ya ba Radames auren Amneris tukuici. A kashi na uku, da dare a bakin kogin Nilu, Amonasro ya matsa wa 'yarsa har ta sa Radames ya faɗi hanyar da rundunar Masar za ta bi, Amonasro kuwa yana laɓe yana ji. Saboda tona wannan sirri aka yanke wa Radames hukuncin binnewa da rai, kuma da aka rufe dutsen ya tarar Aida ta riga shi shiga domin su mutu tare, Amneris tana sama tana roƙa masa salama.

Yawancin mutane bikin nasara na kashi na biyu suka sani, mai dogayen ƙahonni shida da aka ƙera musamman domin wasan, amma a ganina zuciyar wasan tana kashi na uku, inda babu taro babu ado, daga uba sai 'ya, yana tuna mata ƙasarsu da laushin murya, sannan ya juya ya ce ita ba 'yarsa ba ce, baiwar Fir'aunoni ce kawai. Ki fara da wannan fitowar, tare da fassarar da ake rubutawa a ƙasan hoto. Ba abin kunya ba ne, gidajen opera ma da kansu suna haska fassara a saman dandamali tun da aka fara hakan a Toronto a 1983.

Batun Alƙahira gaskiya ne, sai dai ana yawan cewa domin bikin buɗe mashigin Suwez aka tsara ta, kuma ba haka ba ne. Isma'il Pasha mai mulkin Masar ya gina gidan opera wanda aka buɗe a watan Nuwamba na 1869 da Rigoletto, wani wasan na Verdi. Daga baya ya nemi sabon wasa, Bafaranshen nan masanin tarihin Masar Auguste Mariette ya ba da ƙashin labarin, Antonio Ghislanzoni ya rubuta baitocin. Kayan ado da tufafin da ake haɗawa a Paris sun maƙale lokacin da sojojin Jamus suka yi wa birnin ƙawanya, shi ya sa ba a nuna ta ba sai ranar 24 ga Disamba, 1871. Verdi bai je ba, ya fi damuwa da nunin da aka yi a gidan opera na La Scala da ke Milan a watan Fabrairu na 1872. Wancan gidan na Alƙahira gobara ta cinye shi a 1971.

Bakatsine:

Ina girmama ra'ayin Mai Son Tarihi, amma ban yarda Aida ce ƙofar da ta fi sauƙi ba. Waƙa ce zalla cikin kashi huɗu, kuma taron da ke cikinta yakan ɗauke hankalin sabon mai kallo. Ni Carmen ta Georges Bizet zan ba ki shawara, domin a tsarinta na asali ana magana tsakanin waƙoƙi, kuma mutanenta talakawa ne. Carmen tana aiki a masana'antar taba a Sabiya ta ƙasar Sifen, wani soja mai suna Don José ya bar aikinsa da budurwar da mahaifiyarsa take so ya aura saboda ita, da ta juya ga wani ɗan wasan bijimi kuma ya kashe ta a ƙofar filin wasan bijimin. Lokacin da aka fara nuna ta a Paris a watan Maris na 1875, masu kallo da yawa sun ga rashin ɗa'a a cikinta, Bizet kuwa ya rasu bayan wata uku yana da shekara 36, bai ga ɗaukakar da ta samu ba. Labarin yana da ƙarfin da ya sa a 2005 aka mayar da shi fim da harshen Kosa a unguwar Khayelitsha ta Afirka ta Kudu, har ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Balin.

Idan kin koma kan Aida, Malama, akwai abin da ya kamata ɗalibar adabi ta riƙe. Masar da Habashar da ke cikinta Turawa ne suka zana su, kuma an daɗe ana shafa wa fararen mawaƙa baƙin shafi domin su fito a matsayin Aida, al'adar da ake ta suka a yanzu, kodayake baƙar Ba'amurkiya Leontyne Price tana cikin waɗanda suka fi shahara da wannan matsayi. Sannan Isma'il Pasha da ya biya kuɗin wasan da Masar take cin Habasha da yaƙi, shi ne ya tura runduna Habasha a 1875 da 1876, aka fatattake ta a Gundet da Gura, bashi ya yi masa katutu har ya sayar wa Ingila hannun jarin Masar a mashigin Suwez, aka kuma tube shi a 1879. Wannan ba ya rage kyawun kiɗan Verdi a wurina, domin duk mai sauraro zai ji cewa tausayinsa yana tare da waɗanda aka ci da yaƙi, amma ya cancanci a tattauna shi a aji tare da wasan.

Ɗalibar Adabi:

Na gode ƙwarai, malamai, Allah ya ƙara sani. Zan fara da Carmen kamar yadda Malam Bakatsine ya ce, sannan in koma kashi na uku na Aida da labarin a hannuna. Ina kuma roƙon Malamin Kiɗa, idan ya samu sarari, ya yi mana bayanin yadda ake raba muryoyin maza da mata, da dalilin da ya sa Verdi ya ba Amneris murya mai kauri fiye da ta Aida.