Wai me za mu kira "indie film" da Hausa?

Jama'a dan Allah a taimaka. Kalmar nan in ka furta ta a majalisa kowa fim ɗin Indiya yake ji, sai an fara tambayarka waye jarumin, alhali abin da ake nufi fim ne da mutum ya shirya da ɗan abin da ke aljihunsa, ba babban kamfani a bayansa, ba mai ce masa cire wannan saka wancan.

Wani ya kawo "fim mai zaman kansa". Ma'ana ta fita amma wlh kamar sunan asibitin kuɗi, kuma in haka ne ai kusan duk Kannywood mai zaman kanta ce tun daga fim ɗin Turmin Danya a 1990, to me muka bambance kenan.

Wata baiwar Allah ta ce camama. Hajiya na gane inda kika dosa, sai dai camama tamu barkwanci ce irin ta zamanin marigayi Ibro, kuma akwai ɗan raini a cikin kalmar. Wanda nake nufi ba lallai ya yi niyyar ba ka dariya ba, da gaske yake.

Ku duba Wakaliwood, wani ɗan kamfanin shirya fim na Yuganda. Isaac Nabwana a unguwar Wakaliga cikin Kampala, mutumin da bulo yake bugawa kafin ya sayi kyamara, ya fitar da Who Killed Captain Alex? a 2010 da kuɗin da aka ce bai wuce dala 200 ba, bindigogin da tarkacen ƙarfe aka ƙera su, jirgin sama mai saukar ungulu a kwamfuta aka zana shi kuma kana gani ka san zane ne, ga wani mai sharhi da ake kira VJ Emmie yana ta surutu a kan fim ɗin yana tsokanar 'yan wasan, wanda ya saba da fassarar Indiya-Hausa zai gane salon nan take. Kuma turawa suka haukace a kansa! Ba ingancin hoto suka bi ba, ganin mutum ba shi da ko sisi amma ya ce sai ya yi fim ɗin yaƙi shi ne daɗin. Haka Robert Rodriguez ya yi El Mariachi a Meziko da wajen dala 7,000.

Shi ya sa ni "fim ɗin ƙarfin hali" nake so. Ta ɗauko rashin kuɗin, ta ɗauko taurin kan, har da ɗan haukan da ke ciki, kuma mu in mun ce wane akwai ƙarfin hali rabi yabo ne rabi tsiya.

Malam na can ya kawo "fim ɗin cin gashin kai", to ranka ya daɗe wannan a bar wa 'yan jarida da masu rubuta takardar jami'a, ta fi kama da su. A bakinmu dai ƙarfin hali. Mai wadda ta fi ta ya ajiye a ƙasa, amma dan Allah kar a sake kawo min "fim ɗin talakawa".