Kundin zaman majalisa hujja ce da ba ta da ja?

Malam Habu: Assalamu alaikum jama'a. Ni dai a nan na tsaya: mai binciken tarihi in ya samu gazet ɗin gwamnati ko kundin zaman majalisa, to ya samu gaskiyar abin da ya faru. Jarida tana da ɓangaren da take goyon baya, dattijo yana mantuwa, amma magatakardan majalisa yana zaune a zauren yana rubutawa a lokacin. Wace hujja ce za ta fi wannan?

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Malam, ka haɗa abu biyu ka ɗaure da igiya ɗaya. Gazet daban, kundin muhawara daban. Gazet doka take ɗauke da ita, da naɗe-naɗe da sanarwa, kuma tun 1665 Ingila take buga tata. A kanta ban ja da kai ba. Amma kundin muhawara gyara shi ake yi. Hansard, kundin muhawarar majalisar Birtaniya, tana cire maimaici, tana daidaita tuntuɓen harshe. Kuma sai a 1909 majalisar ta ɗauki nata ma'aikatan rubutu. Kafin nan yawancinsa daga rahotannin jaridu ake harhaɗawa, jaridun da ka ce ba ka yarda da su ba.

Aminu: Hajiya ta yi gaskiya. A Amurka abin ya fi haka. An fara buga kundin muhawarar majalisarsu, Congressional Record, a 1873, kuma ɗan majalisa yana da damar gyara jawabinsa, har ya cusa wanda bai taɓa furtawa ba. Wani ɗan majalisa, Hale Boggs, ya ɓace a jirgin sama a Alaska ranar 16 ga Oktoban 1972, sai ga jawabi da sunansa a kundin bayan kwana biyu. Sai a 1978 aka fara sa ɗigo baƙi a gefen jawabin da aka miƙa a rubuce kawai. Wanda ya buɗe na 1950 fa, ta yaya zai bambance?

Malam Habu: Aminu, wannan na Amurka na karɓa, abu ne mai nauyi. Amma Hajiya, gyaran nahawu ba ya juya magana. Dokar Hansard ba ta yarda ɗan majalisa ya sauya ma'anar abin da ya faɗa ba, kuma abokan hamayyarsa suna karantawa washegari. In ya yi coge, a zauren za a tona shi.

Zainab: Baba Habu, a gafarce ni, ni damuwata abin da ba a rubuta ba ne sam. Majalisun jihohi da yawa a Amurka ba su ajiye muhawara kalma da kalma ba. Abin da suka bari shi ne littafin zama: lambar ƙudiri, sunan wanda ya gabatar, an miƙa wa kwamiti, an dawo da shi, ga masu e, ga masu a'a. Ka buɗe irin wannan littafin, takarda ta yi ruwan ƙasa, gefenta yana ɓarɓashi a hannunka, ka bi layi da yatsa kana neman dalilin da ya sa aka cire wani sashe na doka, sai ka tarar da layi ɗaya cewa an amince da gyara. Cinikin da aka yi a ɗakin kwamiti ba ya ciki. Majalisar dattawan Amurka ma a rufe take zama har zuwa 1795.

Hajiya Rabi: Ga kuma gobara. Ta 1834 a ginin majalisa na Westminster ta cinye mafi yawan takardun majalisar wakilan Birtaniya. Ta 1911 a ginin majalisar jihar New York ta lashe ɗakin karatun jihar da ɗimbin tsofaffin rubuce-rubuce. Ban da abin da aka ɓoye da gangan: a 2011, lokacin da tsofaffin 'yan gwagwarmayar Mau Mau na Kenya suka kai ƙarar Birtaniya, gwamnatin Birtaniya ta amsa cewa tana riƙe da dubban fayilolin mulkin mallaka a wata cibiyarta da ke Hanslope Park a Ingila.

Malam Habu: To ai nan kin taimake ni, Hajiya. Abin da ya ƙone ko aka ɓoye fayil ne mai kwafi ɗaya. Wanda aka buga aka raba wa ɗakunan karatu, wa zai bi shi ya tattara? Shi ya sa nake riƙe da bugaggen kundi. Na sassauta a kan jawabai, amma ranar zama, da nassin doka, da yadda kowa ya kaɗa ƙuri'a, ban ga abin da zai ture su ba.

Aminu: In an kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, e, Malam. Amma dokoki da yawa da murya ake amincewa da su, shugaba ya ce masu e sun rinjaya, ba sunan kowa a takarda.

Zainab: A irin wannan sai dai a nemi jaridar washegari da wasiƙun 'yan majalisar a ajiye su gefen kundin, a ga inda suka saɓa.

Malam Habu: In sun saɓa kuwa, ni kundin zan fara bai wa gaskiya, sai mai ja ya kawo shaidu biyu.