Me ya sa Amurka take raɗa wa jiragen yaƙinta na ƙarƙashin teku sunayen jihohi?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Na lura cewa da yawa daga cikin jiragen yaƙin Amurka masu tafiya a ƙarƙashin teku sunayen jihohi ake kiransu da su, kamar Ohio da Virginia da Montana, kuma duk sanda aka bayyana sabon suna sai hukuma ta ce an yi ne don karrama gudummawar da mutanen jihar suka bayar wajen tsaron ƙasa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, wasu jihohin ko gaɓar teku ba su da ita. Wa ke da ikon zaɓen sunan? Kuma karramawar ta gaskiya ce, ko siyasa ce aka lulluɓe da daɗin baki?

Ɗalibin Tarihi:

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ikon yana hannun Sakataren Rundunar Sojan Ruwa, kuma tun shekarar 1819 majalisar dokokin ƙasar ta ɗora masa wannan nauyi. A da, sunan jiha na manyan jiragen yaƙi ne masu ɗauke da igwa, domin su ne ƙashin bayan rundunar, su kuwa na ƙarƙashin teku sunayen kifaye da sauran halittun ruwa ake ba su, musamman a Yaƙin Duniya na Biyu. Da zamanin manyan jiragen ya wuce, wani babban ɓangare na ƙarfin rundunar ya koma ƙarƙashin ruwa, sai sunan jiha ya bi shi can. Jirgin Ohio, wanda a lokacin yake ɗauke da makamai masu linzami na nukiliya, ya fara aiki a 1981, kuma cikin jirage 18 na jinsinsa guda ɗaya tak ne bai ci sunan jiha ba, wato wanda aka sa wa sunan Sanata Henry Jackson. Jinsin Virginia, wanda na farkonsa ya shiga aiki a 2004, shi ma wannan hanya ya bi.

Batun siyasa kuwa ba a ɓoye yake ba. Admiral Hyman Rickover, wanda ya jagoranci shirin jiragen nukiliya na rundunar, ana danganta masa maganar nan cewa kifi ba ya jefa ƙuri'a, lokacin da aka fara barin sunayen kifaye. Kowane jirgi yana cin biliyoyin daloli, majalisa ce ke amincewa da kuɗin, kuma ɗan majalisar da aka sa wa jirgi sunan jiharsa ba zai yi saurin juya wa shirin baya ba.

Tsohon Malamin Kimiyya:

Bayanin malam daidai ne, amma ina ganin kada mu tsaya a kan siyasar kaɗai, domin tambayar jihohin da ba su da teku tana da amsa mai ƙarfi, kuma Idaho ce hujjata. Jiha ce ta duwatsu da hamada, nesa da teku, amma a cikin hamadarta aka gina injin nukiliya na gwaji wanda ya fara aiki a 1953, kuma a kan samfurinsa aka ƙera injin Nautilus, jirgin ƙarƙashin teku na farko a duniya mai aiki da nukiliya, wanda ya shiga aiki a 1954. Shekaru da dama bayan haka, har zuwa 1995, a wannan wuri aka riƙa horar da jami'an da za su kula da irin waɗannan injuna a teku.

A arewacin jihar kuma akwai tafkin Pend Oreille, mai zurfin kimanin mita 350, inda rundunar take gwada ƙananan samfuran jirage don auna ƙarar da suke fitarwa. Wannan ba ƙaramin aiki ba ne, tunda rayuwar jirgin ƙarƙashin teku ta rataya ne a kan shirunsa. Wanda abokan gaba suka ji motsinsa ya riga ya shiga haɗari. A bakin tafkin nan ne aka horar da sojojin ruwa kusan dubu 300 a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Don haka da aka raɗa wa sabon jirgi suna Idaho, ni ban ga alfarma a ciki ba, haƙƙinta aka ba ta.

Uwar Marayu:

Ni abin da ya fi taɓa mini zuciya shi ne sunayen da ake maimaitawa bayan an yi asarar rayuka. A ranar 7 ga Disamba, 1941, Japan ta kai hari Pearl Harbor, sansanin sojan ruwan Amurka da ke Hawaii, mutum 1,177 suka rasu a jirgin Arizona, 429 kuma a jirgin Oklahoma. Gawawwakin da yawa daga cikin mutanen Arizona har yau suna cikin ɓaraguzan jirgin a ƙarƙashin ruwa, an kuma gina wurin tunawa a samansa. Kusan shekara 80 rundunar ba ta sake amfani da sunayen biyu ba, sai a Disambar 2019 aka sanar cewa za a ba sababbin jiragen ƙarƙashin teku. A ganina, a nan ba jihar kaɗai ake karramawa ba, har da mamatan da iyalansu, kuma matasan da za su yi watanni a cikin sabon jirgin ba su ga rana ba za su san nauyin sunan da ke rubuce a hulunansu. Duk da haka, ina fahimtar wanda zai ce gara a bar sunan Arizona ga waɗanda ke kwance a cikinsa.

Mai Neman Sani:

Na gode ƙwarai, malamai da Hajiya. Saura abu guda: jihohin 50 ne kacal, to idan sunayen suka ƙare fa?

Ɗalibin Tarihi:

An kusa kaiwa can, ɗan'uwa, domin ba a ba jirage biyu masu aiki suna ɗaya, kuma yawancin sunayen jihohi an riga an ɗauka. Shi ya sa aka fara komawa ga tsofaffin sunayen kifaye irin su Barb da Tang da Wahoo, waɗanda jiragen da suka yi fice a yaƙi da Japan suka taɓa amsawa. Sunan jiha kuma yana sake samuwa ne idan tsohon jirgin da ke riƙe da shi ya yi ritaya, kamar yadda za a gani sa'ad da jinsin Columbia ya fara maye gurbin na Ohio.