Sabulun salo ko shamfu? Gashina ya ƙi daidaituwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa mata, don Allah a taimaka min da shawara. A Rikkos nake, nan Jos, kuma tunda hunturu ya shigo wankin kai ya zame min aiki.

In na wanke da sabulun salo, kan yana fita fes, amma da ya bushe sai gashin ya yi tauri ya cukurkuɗe. Ko da babban mataji na bi shi, sai na ga guntayen gashi a kan zanina. Na koma shamfu da na saya a kasuwar Terminus, gashin ya yi laushi kam, sai dai kwana kaɗan bayan kitso amosani ya cika tsagar, fari fat, ga ƙaiƙayi har cikin dare.

Mai kitsona ta ce laifin ruwan zafi ne, to wa zai iya zuba ruwan sanyi a kansa da sanyin Jos? Yayata kuma ta ce sabulu yana barin dattin kumfa in ruwan rijiya ne, wai in ɗauraye da ruwan khal.

Man kaɗanya nake shafawa, ko shi ne yake ƙara amosanin? Wadda ta gwada shamfu mai ketoconazole (maganin amosani), sau nawa take wankewa a mako, kuma bai busar mata da gashi ba?