A ba malaman makaranta bindiga ko kuwa?

Mazaunin Texas: Salamu alaikum 'yan zaure, yau sai kun yi haƙuri da ni don raina a ɓace yake. 'Yata mai shekara 7 ta dawo daga makaranta jiya ta ƙi cin abinci, da uwarta ta matsa mata sai ta ce atisayen ɓuya aka yi musu, malamarsu ta kashe fitila ta kulle ƙofa ta tara su a lungu bayan kabad, aka ce kowa ya kama bakinsa kamar ɗan bindiga ya shigo. Yarinyar tana fama da mura, da daddare ta zo ɗakinmu tana tambayata wai Abba in tari ya zo min fa, zai ji ni? Wallahi na kasa ba ta amsa. Ni dai ra'ayina a ba malamai bindiga kawai. A wata makarantar firamare a Uvalde nan cikin jiharmu ta Texas a Amurka, ranar 24 ga Mayu 2022, yaro ɗan shekara 18 ya kashe yara 19 da malamai mata 2, jami'an tsaro 376 suka taru a wajen amma sai da aka yi minti 77 kafin su shiga ajin. Da malamar da ke ciki tana da bindiga ai da ba a jira kowa ba. Haka a gida ma, daga Chibok zuwa Ƙanƙara zuwa Jangebe kullum ihu bayan hari. Mun zama matsorata, kuma matsorata muke raino.

Malamar Firamare: Wa alaikumus salam Yaya, Allah ya ba ta lafiya ya sanyaya mata zuciya. Amma su wa ye matsoratan? Ka fito fili ka faɗa. Shekarata 16 ina koyarwa, ajina yara 84 ne, tagar ajin babu ƙyaure, makarantar babu katanga awaki ma ratsawa suke ta tsakiyar fili, kuma duk ranar da aka ce an ga babura a bayan gari ni ce nake tsayawa sai yaro na ƙarshe ya tafi gida kafin in ɗauki jakata. Wannan ce matsoraciya?

Mazaunin Texas: Malama ba ke nake nufi ba, na ce "mun" zama, har da ni a ciki.

Malamar Firamare: Ka ce muna rainon matsorata. Wa ke rainon yaran daga ƙarfe 8 zuwa 1 in ba mu ba? Malaman nan biyu na Uvalde da ka ambata a cikin aji tare da ɗalibansu aka kashe su, ba gudu suka yi ba. A makarantar Sandy Hook ta Amurka ma a 2012 yara 20 da manya 6 aka kashe, manyan nan duk mata ne ma'aikatan makarantar. Ka janye kalmar.

Ɗan Ƙanƙara: Ni abin da ya ɓata min rai sa sunan garinmu cikin maganar tsoro. Ranar 11 ga Disamba 2020 ina gari, da kunnena na ji harbin. Yara fiye da 300 aka kora cikin daji da ƙafa cikin dare da sanyin nan na hunturu, wasu suka haura katanga suka kwana a jeji, washegari iyaye mata suka cika ƙofar makaranta kowace da sunan da take kira. Ɗan maƙwabcinmu da ya dawo bayan kwana 6 ƙafarsa ta kumbura da ƙaya sai da aka yi ta gasa masa da ruwan zafi. Kai kana can inda wuta ba ta ɗaukewa kana kiranmu matsorata. In ka ga ƙi gudu sa gudu ne bai zo ba.

Tsohon Ɗan Sanda: Ku bari in sa baki a matsayina na wanda ya riƙe bindiga shekara 35. Tsoro halitta ne, wanda ya ce maka bai taɓa ji ba bai taɓa jin ƙarar harsashi kusa da kunnensa ba ne. Ɗana na Texas, misalin da ka kawo shi ne ya karya maganarka. Mutum 376 masu horo da rigar sulke da manyan bindigogi suka yi cirko-cirko a baranda, sai malama da ƙaramar bindiga a jaka ce za ta yi abin da suka kasa? A Parkland ta Amurka a 2018 akwai jami'i mai bindiga a makarantar, a waje ya tsaya aka kashe mutum 17. A nan gida kuwa babura ne ke zuwa da yawa, kowane da goyo, kowa da AK-47. A Birnin Yauri a 2021 akwai 'yan sanda a bakin makarantar, aka fi ƙarfinsu har aka kashe ɗaya. Ka ba malami bindiga ka mai da shi mutum na farko da za a nema a harbe, sannan a tafi da bindigar.

Bazamfare: Baba da girmanka, amma ku 'yan sanda kullum ba kwa so talaka ya kare kansa. A watan Yunin 2022 gwamnatin Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisin bindiga, har aka ce za a raba fom 500 ga kowace masarauta cikin 19, su wa suka fito suka ce ba su yarda ba? Ɗan ta'adda ba ya cike fom, ba ya zuwa ofishin kwamishina, mu kaɗai doka ke ɗaurewa. Masari ma ya faɗa wa mutanen Katsina a 2021 su nemi makami su kare kansu.

Tsohon Ɗan Sanda: Gwamna ba shi da wannan ikon ɗana. Dokar makamai ta 1959 ce, manyan bindigogi sai da izinin shugaban ƙasa, bindigar farauta sai Sufeto Janar, harba-ka-ruga ce kawai ke hannun kwamishinan 'yan sandan jiha. Ba ni na rubuta ba.

Ɗan Jam'iyya: Matawalle dai ya yi iya ƙoƙarinsa, 'yan matan Jangebe 279 cikin kwana huɗu suka dawo. Wanda ya zo bayansa me ya yi?

Hajiyar Gusau: Kai don Allah rufe mana baki, a lokacin wa aka ɗauke su tun farko? Dauda ai ya kafa Askarawa a farkon 2024.

Ɗan Jam'iyya: Chibok fa Hajiya, 'yan mata 276 a 2014, lokacin wa ke mulki?

Hajiyar Gusau: Dapchi fa? Ƙanƙara fa, da shugaban ƙasa yana Daura a cikin jihar aka yi? Kuriga fa a 2024? In lissafi za mu yi har gobe ba ka gama biya ba.

Shugaban Zaure: Jama'a maganar bindiga a makaranta ake yi, ku ajiye jam'iyya.

Ɗan Ruga: Tunda an ambaci askarawa da 'yan sa-kai ni ma zan yi magana. Duk lokacin da aka ce a ba "jama'a" bindiga mu gabanmu faɗuwa yake, don mun san wa ake nufi da jama'a kuma mun san wa za a fara tarewa a hanyar kasuwa. Kawuna bai taɓa satar ko kaza ba, ranar kasuwa aka sauke shi daga mota don kamanninsa, har yau ba mu ga ko hularsa ba. 'Ya'yanmu ma suna makarantun nan, su ma ana ɗaukarsu.

Bazamfare: Allah ya jiƙansa, amma kar ka juya magana. Su wa ke cikin dajin?

Ɗan Ruga: Su wa ke kai musu burodi da fetur da bayanai daga cikin gari?

Malamar Firamare: Ni har yanzu ban ji an janye kalmar nan ba.

Mazaunin Texas: Malama na janye a kanki da duk malamai, Allah ya huci zuciyarki. Amma a kan jami'an Uvalde ban janye ba, yara suna kiran waya daga cikin ajin suna roƙon a zo. Kuma Ɗan Ƙanƙara ka daina cewa ina can ina hutawa, ni ma kullum da safe in na sauke ta a bakin makaranta sai na bi bayanta da addu'a har ta shige. A nan Amurka tun 2020 bindiga ce ta fi komai kashe yara da matasa, ta wuce haɗarin mota.

Ɗalibar Jami'a: To Kawu ai ka ba kanka amsa. Ƙasar da bindigogin hannun farar hula suka fi mutanenta yawa, in da yawan bindiga ne ke kawo tsaro ai da ta fi ko'ina zaman lafiya. Yaron Uvalde da ya cika 18 a shago ya saya, doka ba ta hana shi ba. A Dunblane ta Birtaniya a 1996 an kashe yara 16 da malamarsu, shekarar da ta biyo baya aka haramta ƙananan bindigogi. Ostareliya ma a 1996 bayan harin bindiga na Port Arthur gwamnati ta saye bindigogi wajen 650,000 daga hannun mutane ta lalata. Kuma a Virginia ta Amurka a 2023 yaro ɗan shekara 6 ya ɗauko bindigar uwarsa ya harbi malamarsa a aji. Bakin rijiya ba wajen wasan makaho ba ne.

Bazamfare: Ke yarinya Birtaniya tsibiri ce. Tana da iyaka da Nijar? Makaman Libiya sun bi ta can tun 2011? Ki karɓe ta hannun wa, ta mafarauci ko ta mai daji?

Ɗalibar Jami'a: Ni ba yarinya ba ce Malam, ka amsa hujja ka bar shekaruna.

Hajiyar Gusau: Gaskiyarta, kullum mace ta yi magana sai a ce yarinya.

Bazamfare: Hajiya ni fa 'yar cikina ta kai ta.

Shugaban Zaure: To ya isa haka, dare ya yi, bari in taƙaita. Abin da na fahimta kusan kowa ya yarda ba wa malamai bindiga ba mafita ba ce, Baba tsohon ɗan sanda ya yi bayani mai gamsarwa da babu wanda ya iya turewa, ƙanwarmu ɗaliba ta kawo misalan ƙasashen da suka rage bindiga suka ga amfani. Abin da ya kamata shi ne a yi wa makarantu katanga, a ɗauke makarantun kwana daga bakin daji, a tambayi ina kuɗin shirin kare makarantu da aka ƙaddamar a Abuja tun 2014 suka shiga. Masu kiran kowa ya ɗau makami zafin rai ne kawai ke ɗibarsu, Allah ya sanyaya musu. Na rufe.

Bazamfare: Shugaba wane kusan kowa? Ni ban yarda ba, mai maganar ma bai ce ya sauka daga ra'ayinsa ba, kalma ɗaya ya janye. Tambayata kan iyaka ba wanda ya amsa kuma ba ka sa ta a taƙaitawarka ba. Makarantar Ƙanƙara ai da katangarta.

Ɗan Ruga: Nawa bayanin ma ko ambato bai samu ba.

Mazaunin Texas: Ni dai har yanzu ban samu abin da zan faɗa wa yarinyar nan ba. Yanzu ƙarfe 3 na rana a nan, zan je ɗauko ta, kuma na san a mota za ta sake tambayata maganar tarin.