Sai kun haɗa ma'ana kafin ka gane halin wani?

Malam Bashir: Salamu alaikum. Ni dai a ganina ba yadda za a yi ka gane abin da wani yake ji in ba ku haɗa ma'ana ɗaya a kanku ba. Wanda aka haifa makaho, ta ina za ka fara masa bayanin ja?

Ummu Hanan: Wa alaikumus salam Malam, gaskiya ban yarda ba. Jaririna wata biyu gare shi ko kalma ɗaya bai sani ba amma daga kukansa ina gane na yunwa ne ko na ciwo, to wace ma'ana muka haɗa da shi?

Malam Bashir: Ai kun haɗa Hajiya, ke ma kin san yunwa a jikinki, da ita kike auna tasa.

Sista Rabi: Ni nas ce, kullum muna ce wa mara lafiya ya auna ciwonsa daga 0 zuwa 10, kuma wallahi 7 ɗin wani ba 7 ɗin wani ba ne. Shi ya sa a 1975 Ronald Melzack na jami'ar McGill a Kanada ya fitar da jerin kalmomi don mutum ya zaɓa, zogi ne, suka ne, ƙuna ne. In ya ce suka nan take na san inda zan duba. Ina bayan Malam.

Kabiru: To Anti ya za ki yi da John Dalton? Masanin kimiyya ne a Ingila, ya girma yana cewa ja yana cewa kore kamar kowa, sai da ya haura shekara 25 ya gano idonsa daban yake ganin kala, ya gabatar da bayanin a Manchester a 1794. Kalma ɗaya suke faɗa da mutane amma abin da yake gani daban.

Ummu Hanan: Bari in faɗi wanda ya taɓa ni. Haihuwata ta fari na yi watanni ina kuka ba dalili, ko yaron ba na son ɗauka, ni kaina ban san me zan kira abin ba balle in yi wa maigidana bayani. Shi dai sai ya zauna kusa da ni ya karɓi yaron ya yi shiru, tun kafin likita ta ce mana ciwon damuwa ne na bayan haihuwa.

Malam Bashir: Allah ya ƙara lafiya Hajiya. Amma tausaya miki ya yi ko gane ki ya yi?

Ummu Hanan: Ya gane ina shan wahala kuma ba da gangan nake ba, kuma a lokacin abin da nake nema kenan. Amma na yarda, bayan an faɗi sunan ne ya daina tambayata ko shi ya ɓata min rai.